Marfin Adakar Baba

Tudun Biba, Sarkin Hausa
3 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Lamine,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Nafisa da jaririya. Ya zafi? Mu nan tun da hantsi rana take fara cin mutane, amma lafiya lau muke. Ƴata Hafiza ce ta yi masassara kwana uku, ta warware.

Takarda na rubuto maka don na gaji da wayarka. Ka san nan sai mutum ya hau tudun bayan masallaci kafin ya samu rezo, wato layin waya, kuma matan gari duk suna can, kowace da wayarta da kunnuwanta a buɗe. In na kira ba ka ɗauka. In ka ɗauka sai in riƙa jin ƙara a bayanka kamar ana dukan gwangwani. Mumuni mai babur ɗin kabu-kabu yana shiga Tasawa duk ranar kasuwa, shi zai riƙa kawo maka, kai ma ka ba shi amsa.

Ga abin da ya faru. Hamidu ɗan marigayi Baffa Wada ya dawo daga Agadas da iyalinsa, ya ce ya dawo ke nan. Mun yi murna, har tuwo na aika masa. Kwana biyar da zuwansa ya tsaya a ƙofar maigari, a gaban mutane, ya ce, "Kwarin ga daga babban gawo har burtali na ubana na, aro anka ba ku." Kwarin da muke noma tun ba a haife ka ba! Nan take na ce masa ɓarawo, sau uku na faɗa, kuma ban rage murya ba.

Ba sai na gaya maka abin da kwarin nan yake a wurina ba. Tun da maigidana Salifu ya rasu na dawo gidan Baba da ƴaƴa huɗu, shi ke cika mana rumbu. Tudun da muke nomawa kuwa ka san shi, rairayi ne, in ya ba mu abincin wata huɗu mun gode Allah.

Hamidu ba shi da takarda, maganar da uwarsa ta gaya masa ce kawai. Maigari ya ce kowa ya kawo shaidarsa kafin ruwan shuka. In babu mai shaida, zai raba kwarin biyu, kowa ya ɗauki rabi. Ni kuwa ko taku ɗaya ba zan bayar ba.

Lokacin jinyar Baba ya ce mini, "Habsatu, duk randa anka yi maganar kwari, ki buɗe adaka." Adakarsa ta katako nake nufi, wadda ka tafi da ita Tasawa bayan sadakar arba'in. Ka ɗora ta a motar kasuwa zuwa Mayahi, zan aika amalanke ya ɗauko. Kada ka taɓa komai a jikinta.

Yayarka,
Habsatu

Tasawa
10 ga Afrilu

Yaya Habsatu,

Na samu takardarki, na ji daɗin lafiyarku. A duba Hafiza. Nafisa tana gaishe ki, jaririya ta fara zama da kanta.

Maganar Hamidu ta ba ni mamaki, amma ki kwantar da hankalinki, kowa ya san mai noman wurin. Game da adaka kuwa, wallahi babu takarda a ciki. Tun ranar da na kawo ta na zazzage ta: riguna uku, rawani, carbi, alƙaluman kara da ƴar tawadarsa da ta bushe. Suna nan na adana. Saboda haka ba sai an wahalar da jaki ba.

Ƙarar da kike ji a waya kuma ba gwangwani ba ne. Bari in gaya miki, don na daɗe ina son wani na gida ya sani. Sunan abin filifa. A Yamai na fara ganinta lokacin da nake koyon gyaran tele, wato talabijin. Tebur ne dogo mai gangare, da gilashi a sama. Ana harba ƙwallon ƙarfe ya hau, ya riƙa bugun abubuwa yana gangarowa, mai wasa kuma yana da ƴan hannuwa biyu a ƙasa da yake kaɗa shi da su kada ya faɗa rami. Irin ta asali ba ta samuwa a nan. Sai na ga a waya yadda mutane ke haɗa tasu a gida: a kwantar da babbar tele rigingine ta zama teburin, a tsayar da ƙarama a wajen kai tana nuna maki, a ɓoye tsohuwar kwamfuta a ciki. Ƙwallon hoto ne, amma in kika gani sai kin rantse ƙarfe ne.

Shekara ɗaya da rabi ke nan ina kanta, da kayan da mutane suka bari a shago nake haɗa ta. Da farko ba ta da armashi, sai ka ji kamar kana latsa waya. Sai na sa mata madannai a gefe biyu. Na ɗauko waya mai lanƙwasa ta birkin babur na yi mata abin harba ƙwallo, a ja a saki. Na samo ƙarfunan kulle ƙofar mota guda huɗu na ɗaure a ciki, yanzu duk bugun da ƙwallo ya yi sai kin ji shi ƙwas a tafin hannunki. Watan jiya na sa mata cikin wata tsohuwar waya, in aka girgiza teburin sai ƙwallon ya karkata. Saura ƙananan fitilu da zan jera a ciki. Malaman lakkwal, wato makarantar boko, har layi suke yi da la'asar. Wani tsohon direba ya leƙa ƙarƙashinta yana neman inda ƙwallon yake fita!

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne katako. Na kasuwa lanƙwashewa yake yi da zafi, tele kuwa nauyi gare ta. Kafinta da ya ga adakar Baba ya ce maɗaci ne na da, irin wanda ba a samu yanzu. Tana ajiye gara na neman ta, na ga gara ta yi amfani. In kin zo za ki gan ta, ta fi da kyau.

Ƙanenki,
Lamine

Tudun Biba
17 ga Afrilu

Lamine,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Sau huɗu na karanta ƙarshen takardarka. Na farko na ce idona ne. Na biyu na ba Hafiza ta karanta mini da ƙarfi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka sa zarto a adakar Baba? Adakar da ko zama a kanta ba ya bari mu yi? Ka yanka ta don malaman lakkwal su yi wasa da ƙwallon da babu shi? Shafi biyu ka cika mini da birkin babur da ƙofar mota, sannan a layi biyu na ƙarshe ka soke maganar kamar ba komai, har da cewa ta fi da kyau. Tun kana yaro haka kake. Kai ne ka kwance rediyon Baba don ka ga mutanen da ke ciki.

Wa ya ce maka takarda nake nema? Baba bai yarda da takarda ba, cewa yake gara da ɓera sun fi mu son ta. A jikin marfin adakar ya yi rubutun, daga ciki, da tawadarsa. Na sha hango shi in ya buɗe zai ɗauki riga, amma bai taɓa bari na matso na karanta ba. Bayan rasuwa kuma zuciyata ba ta ba ni in buɗe ba, na ce tana hannun namiji a birni, ta fi tsira. Ka ji wautata.

Yanzu ba faɗa nake so ba, amsa nake so. Ina marfin? In yana jikin wannan abin naka, ka ciro shi. In ka shafe shi da fenti, ka faɗa mini, a kankare a hankali. In ka yanka shi gunduwa-gunduwa, ka tattaro har ƴan ɓarɓashin, ni zan jera. Ka ba Mumuni ranar kasuwar nan, zai iya ɗaure shi a bayan babur.

Habsatu

Tudun Biba
8 ga Mayu

Lamine,

Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru, ko da yake in lafiya ce to ba ka kyauta ba.

Kasuwa uku Mumuni yana dawowa hannu rabbana. Ya ce na farko ka karɓi takardar ka karanta a tsaye, ka zauna a ƙasa. Na biyu da na uku ya tarar da shago a rufe. Na hau tudu sau shida, wayarka a kashe.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Hamidu ya share rabin kwarin, ya fara zuba taki, wai yana gyara rabonsa. Jiya na wuce na gan shi da idona.

In marfin ya ƙone, ka ce ya ƙone. In ka sayar, ka faɗi wanda ya saya, ni zan je. Shirun nan ya fi komai ci mini rai. Ko Nafisa ce ta rubuto.

Yayarka,
Habsatu

Tasawa
15 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki da yara. Lafiyar jiki muna da ita. Na fara takardar nan ya fi sau goma ina yagawa. Nafisa ce ta ce in ban rubuta yau ba ita za ta hau babur ta je ta gaya miki da bakinta.

Na ga rubutun. Ranar da zan kai adakar wurin kafinta na buɗe marfin, na gan shi, layi bakwai da hannun Baba, da bisimilla a sama. Kin san ni lakkwal aka sa ni, ke ce kika zauna gabansa kika iya ajami. Ni in na ga irin rubutun nan, abu ɗaya na sani, sunan Allah ne. Na ɗauka ayoyi ne ko addu'ar tsari da ya yi wa kayansa. Na ce ba zai yiwu a ɗora zarto a kan aya ba, kuma ba zai yiwu a sa ta cikin abin wasa mutane suna jijjigawa ba.

Sai na yi abin da muka taso muna gani yana yi da allo. Na yi alwala, na kawo ƙwarya mai tsabta, na jingina marfin, na wanke rubutun a hankali da hannuna har ya fita tas. Ko ɗigo ban bari ya zuba ƙasa ba.

Yaya, na sha. Na sha rabi, na ba Nafisa rabi, lokacin tana da ciki. Har hawaye na yi, don a raina albarkar Baba ta ƙarshe ce nake sha. Ranar na ji daɗin kaina ƙwarai, na ce ko ban yi karatun allo ba na san girman rubutu.

Da na karanta takardarki na gane abin da na sha. Kwana uku ban ci abin kirki ba. Shagon ma ban iya buɗewa ba, don in na shiga filifar nake fara gani. Ban san da wane ido zan dube ki ba. Abincin ƴaƴanki ne na wanke a ƙwarya.

Marfin yana jikinta, kafinta ya tsaga shi uku. Amma katako ne kawai yanzu. Ki faɗi abin da kike so in yi. In zuwa ne in zo in rantse a gaban maigari cewa na ga rubutu, zan zo.

Ƙanenki mai neman gafara,
Lamine

Tudun Biba
22 ga Mayu

Lamine,

Mun samu takardarka. Yara lafiya. Ni ban san yadda nake ba.

Ka sha. Ka sha gonata, Lamine. Na zauna a bakin murhu da takardar a hannu har tuwo ya kama, Hafiza ce ta jiyo ƙauri ta sauke. Na yi tunanin wuta, na yi tunanin gara, na yi tunanin fenti. Ko a mafarki ban kawo cewa shaidar kwari tana cikin ƙanena da matarsa ba. Ashe jaririyar ma ta samu rabonta tun kafin ta fito.

Bisimilla ka gani? Baba ko sunayen awakinsa zai rubuta da bisimilla yake farawa! Tasawa cike take da masu karanta ajami. Mai shayin ƙofar shagonka ma na tabbata ya iya. Kai da kake tambayar mutanen cikin waya yadda ake ɗaure ƙofar mota a jikin tele, ba ka iya tsallaka titi ka ce wa wani, malam, me aka rubuta nan?

Kuma ka zo ka rantse a kan me? Ka ce wa maigari ka ga rubutu, ba ka san abin da ya ce ba, amma ka san ɗanɗanonsa? Ka zauna inda kake. Dariyar da za a yi mana ta ishe mu ba sai an ga fuskarka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na rasa yadda zan tsane ka. Da sakaci ka yi, da na zage ka na huta. To ladabi ka yi. Da alwala ka hallaka ni.

An yi yayyafi shekaranjiya, bai kai na shuka ba. Maigari ya sa zama ranar Alhamis ta sama ta makon gobe, ya ce ba zai ƙara ɗagawa ba. Zan je in karɓi rabi. Na auna da idona, rabin kwari da tudu ba za su kai mu wata takwas ba. Sauran Allah ya sani.

Habsatu

Tasawa
29 ga Mayu

Yaya Habsatu,

Ina gaishe ki. Ki karanta wannan kafin ki kwance ƙunshin da Mumuni ya kawo, kuma ki ce ya sauke shi a hankali.

Bayan takardarki na shiga shago na rufe ƙofa, na ɗaga babbar telen don in dubi katakon ko sau ɗaya. Fitilun nan da na ce miki zan jera, ashe na riga na manna layi ɗaya a gefe kafin wannan magana ta taso. Hannuna ya taɓa waya suka kama. Yaya, sai da na ja da baya. Rubutun yana nan. Tawadar ta tafi, amma inda ta zauna shekara da shekaru katakon bai yi duhu kamar sauran ba, ya bar sawunta fari-fari. Da hasken rana ba a ganin komai, na gwada. Sai haske ya kwanta a jikin katakon ta gefe sannan yake fitowa. Allah ya taimake ni kafinta ya juya wannan fuskar ciki, waje kawai na shafa wa fenti.

Guda biyu su ne dogayen gefunan filifa, na uku shi ne gabanta. Su ke riƙe da komai. Kwana biyu na yi ina kwancewa, don da kusa da gam na haɗa, ba na son ya tsage. Na cire madannai, na yanke wayoyi, na sauke tele biyun. Yanzu tana zube a ƙasa kamar akuyar da aka feɗe. Malaman lakkwal sun zo sun tsaya a ƙofa suna salati, ɗaya ya ce ko taɓuwa na yi. Ban ji komai ba, wallahi, sauri kawai nake yi.

Akwai ɓarna, ba zan ɓoye miki ba. Na huda ramuka biyar a jiki, huɗu na madannai, ɗaya na abin harba ƙwallo, kuma wasu sun faɗa kan rubutu. Bakin zarto ma ya ci nasa.

Na so in kai wa wani malami ya karanta mini, sai na fasa. Ke Baba ya ce ki buɗe, ba ni ba. Na sa miki layin fitilu da ƙaramin batir a cikin ƙunshin. Ki shiga ɗaki ki ja ƙofa, ki jera katakon a ƙasa yadda na sa lamba a bayansu, ki kwantar da fitilun a gefe, ki haɗa jar waya da jan kai. Allah ya sa abin da ya rage ya isa. Ki je ki karɓi kwarinki gaba ɗaya.

Ƙanenki,
Lamine

Tudun Biba
12 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Lamine,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, kai da Nafisa da ƴar tawa. Mu ma lafiya. An yi ruwan shuka ranar Asabar, ƙasa ta jiƙu har kamu ɗaya. Na san ka ƙagu, Mumuni ya ce makon jiya har tasha ka biyo shi. Ban iya rubutawa ba ne sai yau.

Na yi yadda ka ce. Na kori yara, na ja ƙofa, na jera katakon, na haɗa wayar. Lamine, sai ga hannun Baba ya fito a jikin katakon nan. Yadda yake jan wutsiyar harafi, yadda layinsa yake gangarowa hagu, duk suna nan. Na daɗe ina kuka kafin in iya karanta ko kalma ɗaya.

Ga abin da ya rubuta. "Bisimillahi. Ni Amani ɗan Yusuf na rubuta da hannuna. Tudu daga rijiya zuwa gawo gadona ne. Kwari daga gawo zuwa burtali na ɗan'uwana Wada ne, ya ba ni aro shekarar da ya tafi arewa. Randa ɗiyansa suka nema a ba su, ba gardama." Sauran sunayen shaidu ne.

Ramukanka biyar sun cinye sunayen shaidu biyu, sun cinye shekarar da aka yi rubutun, sun ci rabin sunan kakanmu. Ko ɗaya bai faɗa kan kalmar aro ba. Tana nan tsaf a tsakiyar katako na biyu.

Ashe abin da yake nufi ke nan da ya ce in buɗe adaka. Ni na ɗauka makami ya bar mini.

Ranar Talata ce, zama kuma Alhamis. Na cire wayar, rubutun ya ɓace, katako ya koma katako. Babu wanda ya gani sai ni. Kai ba ka iya karantawa ba, Mumuni bai san abin da ya ɗauko ba, gari duka an san shaidata ta lalace. In na yi shiru, rabin kwari nawa ne da bakin maigari. Kwana biyu katakon yana jingine kusa da itacen girki. Sau biyu na ɗauki na tsakiyan na nufi murhu da shi. Ina kallon ƴaƴana suna cin tuwo ina lissafin watanni.

Ranar Alhamis na ɗora wa Hafiza biyu a ka, na ɗauki ɗaya da batir. Na roƙi maigari a shiga zaure a saki labule. Tsofaffi suka durƙusa a kan katakon wasanka, da fentinka ja da shuɗi a baya. Na haɗa wayar. Liman ya ce, "Subhanallahi, hannun Malam Amani na!" Shi ya karanta da ƙarfi, ni ba zan iya ba. Maigari ya dube ni ya ce, "Habsatu, kin san abin da ke ciki kika kawo?" Na ce na sani.

Hamidu ya rufe fuska da hularsa. Ya ce shi kansa ya fara zargin ko uwarsa ruɗewar tsufa ce ta sa ta faɗa masa haka. Na nemi gafararsa sau uku a gaban mutanen da na kira shi ɓarawo sau uku. Ya yafe. Kwarin kuma ya karɓa duka, don nasa ne, kuma shi ma ƴaƴa shida gare shi. Ranar Lahadi ina shuka a tudu ina hango su a ƙasa suna tasu.

Ga katakonka na ba Mumuni, da fitilun da batir. Ka mayar da su inda suke, rubutun ya kalli ciki. Ya gama aikinsa, kuma na fi son ya zauna inda ake dariya. Amma ka rufe shago mako biyu ka zo noman farko, ka zo da kuɗin motarka kawai da hannuwanka. Tudun nan sai mun yi masa da gaske bana.

Saura magana ɗaya, kuma ka yaga takardar in ka karanta. Mako biyu na yi ina zaginka don ka wanke rubutun Baba. Kwana biyun nan kafin zama kuwa, Allah ya gafarta mini, haushin da na ji shi ne ba ka wanke shi da kyau ba. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Ka gaida Nafisa. Ku daina jin kunyata, ku zo.

Yayarka,
Habsatu